Hannun da Ya Goge Maganar Iya

Zuwa ga ɗiyata Ummi, a Agadas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan wasiƙa ta same ki lafiya, ke da abokan aikinki da matan da kuke karɓar haihuwarsu. Mu nan Tasawa sai godiya. Ruwa ya sauka da kyau bana, hatsi ya fid da kai, babanki ba ya zama gida sai rana ta yi sanyi.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙar a shafina inda kowa ke karantawa, ni da na sha yi miki faɗa kan baza zancen gida a waya. Ra'ayina bai sake ba. Amma a gaban mutane na ɗora miki laifin da ba naki ba, don haka a gabansu ya kamata in sauke shi. Ki karanta har ƙarshe, ban da tsallake layi irin naki.

Da ordinatar ɗinki, wato kwamfutar nan taki, nake wannan rubutu, wadda kika bari a kan akwatina ranar da za ki tafi, kika ce in riƙe ta, ba ki son sake ganinta.

Ina tuna ranar da kawunki ya kawo miki ita daga Katsina. Kallo ɗaya na yi mata na ce haruffanta ba sa wurinsu. Ni shekara da shekaru na yi ina daktilo a biro, wato ofis, ina buga takardun mutane, kuma tun muna koleji malamarmu ke rufe mana hannu da ƙyalle, ta ce idon mai buga rubutu a takarda yake, ba a yatsu ba. A mashin ɗinmu na Faransa, layin sama da A yake farawa, Z na biye. A taki kuwa Q ne da W zaune a wurin. An zuba mata Faransanci a ciki, amma maɓallan suna nan yadda suka zo. Kika ce, "Mama, wannan sai kin duba kafin ki danna." Na ce miki tun ba a haife ki ba nake buga rubutu ba tare da na duba ba.

Ina tuna la'asar ɗin da kika zaunar da ni gindin itacen bedi kina koya mini ɗan filin nan mai santsi da ke ƙasan maɓallai. Inuwar ganye tana yawo a kan gilashin, kibiyar nan ƴar ƙarama tana gudu tana ɓoye mini a lungu. Ina binta da ƙarfi, kina dariya, kina cewa, "Mama, shafawa ake yi, ba daka ba ne." Kika kama yatsana kika ɗora a hankali, sai kibiyar ta natsu ta bi ni kamar ɗan akuyar da ya san mai shi. Kika nuna mini yatsa biyu in an ja su tare, shafi yana hawa yana sauka. Rabon da ki riƙe hannuna tun kina koyon tafiya. Na ji daɗi ƙwarai, amma abin da na ce miki shi ne ki tashi ki duba tukunya.

A ranar kika rubuta mini ƴar takarda kika liƙa a gefe. Kontrol da C a kwafa, Kontrol da V a sauke abin da aka kwafa, Kontrol da S a ajiye, Kontrol da A a tattara komai. Na ƙarshe kika ja masa layi biyu: Kontrol da Z, in an yi kuskure ya maido abin da ya tafi. Na ce wannan ne zai lalata ku, mu a zamaninmu in ka yi kuskure ɗaya sai ka zare takardar ka sake tun daga farko, shi ya sa muka iya kula.

Sai damina biyun nan da kika yi hutunki a Attantane wurin Iya, kakarki uwar babanki, wadda kika ci sunanta. Na je sau ɗaya na same ku a ƙofar ɗakinta. Tana saƙar kaba, kina zaune da na'urar a cinya, gari ya yi luf bayan ruwa, ƙamshin ƙasa ya cika gidan. Tana ba ki labarin yadda kakanninta suka gangaro daga arewa da raƙuma uku, da sunayen rijiyoyin da suka sha a hanya, da wanda ya fara sare dajin gonar gidanku, da waƙar da uwarta ke yi in tana niƙa. Ta ɗaga kai ta ce, "Takwara, wannan farantin naki ba ya gajiya da surutuna?" Da za ta tashi alwala kuma ta ce, "Rubuta da kyau, in na dawo zan duba," ita da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba.

Ni kuwa da muka keɓe cewa na yi kina ɓata hutu kan tatsuniya, ga jarrabawa a gabanki.

Iya ta rasu da kaka. Allah Ya jiƙanta. Abin da ya rage na bakinta duk yana cikin wannan na'ura, shafi sama da sittin.

Yanzu ki natsu, ga abin da ya faru ranar nan da kuka tafi kasuwa da gwaggonki, bayan sadakar arba'in.

Kin bar na'urar a buɗe a kan tabarma. Na zauna gabanta da niyyar in ga da wa kike hira, don a lokacin zuciyata ba ta kwanta da yawan murmushin da kike yi wa gilashi ba. Ban ga kowa ba sai Iya. Na sa yatsa biyu na ja yadda kika koya mini, ina karantawa, ina jin muryarta da irin tarin da take yi kafin ta fara magana. Har na iso wani wuri inda ta yi zancena. Ta ce uwarki tana da zafi, bakinta ba ya ajiye magana, amma shekarar da ita Iya ta kwanta ciwo ni na yi wata uku ina wanke ta, ban taɓa ɗaure fuska ba, kuma ba ta taɓa gode mini ba don ta san ba zan iya karɓa ba.

Ummi, kuka na yi. Hawaye ya ɗiga a kan maɓallan gefen hagu, na sa bakin mayafi na goge da sauri don kada ya shiga ciki. Ashe mayafin ya danne Kontrol da A tare. Na ga rubutun duka ya canza launi. Na sake gogewa, sai shafin ya zama fari fat, ba komai sai harafi uku marasa ma'ana a can sama.

Ban ruɗe ba, don na tuna layi biyun da kika ja. Na ɗora ɗan yatsa a Kontrol, na kai wani yatsan wurin Z, idona a kan gilashi yadda aka horar da ni. Yatsana ya tafi inda ya san Z tun ina budurwa, layin sama, na biyu. A taki W ne a wurin. Daga baya na gane Kontrol da W rufe takarda yake yi. Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya da Faransanci ko a ajiye canjin da aka yi. Na ga kalmar ajiyewa, ni da na tashi ina yi wa kowa wa'azin ajiya, na ja kibiyar a hankali, karo na farko da ta bi ni ba gardama, na taɓa. Na ajiye farin shafi a kan maganar Iya.

Na rufe na'urar na koma tsintar wake.

Kin san sauran, amma zan faɗa don masu karatu su san wadda suke karantawa. Kin dawo kin buɗe, sannan kin fara neman abin kamar mai neman ɗan kunne a rairayi. Gwaggonki na tsaye, maƙwabta biyu sun shigo. Na buɗe baki na ce sau nawa na gaya miki ki kwafa a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa na'ura, na ce sakaci ne, na ce wanda aka ba amanar tsohuwa ba ya barin ta a tabarma ya tafi kasuwa. Ban yi ƙarya da baki ba, ban ce ke kika goge ba. Na dai bar ki kika ɗauka haka, kuma wannan ya fi ƙaryar muni. Kin kai ta Maraɗi wurin mai gyara, ya yi kwana biyu da ita, ya ce ba abin da zai iya maidowa.

Abin da ya rufe mini baki ba tsoron fushinki ba ne. In na ce ni ce, sai na ce na yi miki leƙe, sai na ce na yi kuka, sai na ce yatsun da nake taƙama da su ne suka yi kuskure. Na zaɓi girmana, na bar ki da nauyin.

Babbar Sallah biyu ke nan ba ki zo gida ba. Kina kira, kina gaisuwa cikin ladabi, ba ki daɗewa. Na ce wa kaina aiki ne. Sai watan jiya gwaggonki ta faɗa mini abin da kika ce mata, wai duk sanda aka miƙo miki jariri sai gabanki ya faɗi, don kin san hannunki ba ya riƙe amana. Tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Ungozoma ba ta aiki da hannun da take tuhuma. Hannunki lafiya lau yake, ɗiyata. Shi ya zauna damina biyu yana ɗaukar maganar tsohuwa harafi bayan harafi, lokacin da mu da muka girme ki ba mu ga amfanin hakan ba. Nawa ne ya goge.

Kwanakin nan in na kishingiɗa bayan azahar, mafarki ɗaya nake yi. Ina tsaye a Gulbin Kaba, rairayi fari shimfiɗe har iyakar gani, kamar shafin nan. Kibiyar tana tafe a gabana, ba ta sauri, ina biye. Can sai haruffa su tashi daga cikin kaba kamar tsuntsaye daga gonar hatsi, su yi sama su juya tare, su wuce arewa. Iya na zaune a inuwa tana saƙa, ba ta ko ɗaga kai. Nakan so in yi mata magana, sai in farka in ji tattabaru a kan katanga.

Na fara buɗe na'urar da hantsi, in na gama aikin gida, ina rubuta abin da na tuna na labarin Iya. Yanzu ina duba yatsuna, kamar ƴar aji ɗaya. Shekara talatin ina jin bakin Iya, kuma ashe kunnena ya riƙe fiye da yadda na zata. Na tuna rijiya huɗu, na san akwai ta biyar. Na tuna farkon waƙar niƙan, ƙarshenta ya ƙi zuwa. Inda na manta nakan bar fili, ba na cikewa da abin da ban tabbatar ba. Haruffanmu masu lanƙwasa babu su a maɓallan, sai na tarar da wata ƴar takarda cikin na'urar inda kika ajiye su, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a jere. Daga can nake kwafo su ɗaya-ɗaya ina saukewa. Duk kalmar da ke da lanƙwasa a wannan wasiƙa, daga wurinki na aro harafinta. Na kai shafi goma sha ɗaya. Ba muryarta ba ce, tawa ce, kuma tawa ba ta da daɗin tata. Ke kika ji labarin a jere daga bakinta, filayen da na bari ke kaɗai za ki iya sanin abin da ke cikinsu, in ma akwai sauran abin da ya rage.

Ban rubuto don in ce na gyara ba. Abin da ya tafi ya tafi, kuma ni na kore shi.

Na san halinki. Kina gama karantawa za ki kira ki ce, ba komai Mama. Kada ki yi. Da komai. Na raba ki da kakarki karo na biyu, na kunyata ki gaban baƙi, na bar ki kina zargin kanki kusan shekara biyu ina kallo. Ban rene ki don ki riƙa haɗiye gaskiya saboda ladabi ba, ko da gaskiyar a kaina take. Ki yi fushi, haƙƙinki ne. Abin da nake roƙo kawai ki zo ki yi shi a gida, inda zan gan ki. Ki zauna a tsakar gida ki ƙi kula ni kwana uku in kin so, zan dafa miki abinci in ajiye in koma gefe. In kin huce, a lokacin zan nemi gafararki baki da baki, don wannan ba maganar da ake bugawa da yatsu ba ce.

Allah Ya tsare ki a inda kike. Ya sa albarka a hannuwanki, Ya sauki duk macen da ta zo gabanki lafiya. Ya haskaka kabarin Iya, Ya kai mata labarin cewa takwararta ba ta yi sakaci ba. Ni kuma Ya yafe mini, Ya ba ni tsawon ran da zan ji sallamarki a ƙofar gida.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
daga Tasawa.