Akwatin da ke Gindin Tsamiya a Luang Prabang

Zuwa ga Hasnita, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan gonar shinkafar da ta tsage, iskar tekun Kuantan mai shigowa ta tagarmu da hantsi, matata har gobe ko da kin daina amsa sunan!

Assalamu alaikum. Daga Luang Prabang nake rubuto miki. Na dawo ƙasar Laos ni kaɗai.

Kin tuna dariyar da kika yi mini ranar da na sayo na'urar GPS ɗin nan ta hannu? Kika ce, "Abang, maigidana, kai da gemunka za ka riƙa bin kibiya cikin daji, kana neman akwatin robar da wani ya ɓoye, don kawai ka rubuta sunanka a ɗan littafi? Allah ya shirye ka!" Ba a yi wata biyu ba kika fi ni iyawa. Ni ina kallon lambobi, ke kina kallon duwatsu da saiwoyi, sai in ji kin ce, "Ga shi nan, malam makaho." Ƙasa biyar muka taka a haka. Akwai wanda ya kai ni sa'a a lokacin? Wallahi babu!

Sai ranar nan ta zo. Watanni takwas ina kewaye ta, yau zan faɗe ta da bakina. Muna hawan tudun da ke hayin kogin Mekong, kina gabana, sai yayanki Fauzi ya kira wayata da ƙarfe tara na safe. Ya ce, "Shahrizal, Baba ya faɗi, yana asibiti. Ku taho yau." Na duba na'ura, ta ce saura mita ɗari uku. Akwatinmu na ɗari biyar ke nan, wanda muka ƙetaro ƙasa dominsa. Na ce a raina, rabin awa ne kawai, in mun samu sai in gaya mata. Kika waiwayo kika ce, "Wa ya kira?" Na ce daga ofis ne.

Wayyo Hasnita! Wane irin harshe ne wannan da bai bushe ba a take? Awa uku muka yi muna tona ganye a gindin tsamiya, ba mu sami komai ba. Da muka sauko na gaya miki, kamar yanzu aka kira. Jirgin ranar ya riga ya tashi. Kafin mu sauka gida washegari an kai Baba makwancinsa. Kuma ko a nan ban yi ƙarfin halin faɗar gaskiya ba, sai daga bakin Fauzi kika ji ƙarfe nawa ya kira. Ba ki yi ihu ba. Kallona kawai kika yi, irin kallon da ake yi wa baƙo, shi kuwa ya raka ni bakin ƙofar gidan Baba ya ce kada ya sake ganin ƙafata.

Tun daga nan ba ki dawo ba, gidanmu ya zama kango. Furen da kika shuka a baranda yana ta fitowa, ba shi da kunya. Ina haɗa shayi kofi biyu, in zubar da ɗaya. Teku tana nan, amma wa zan ce wa zo ki gani?

Ban san abin da ya dawo da ni nan ba. Wataƙila so nake in ga fuskar abin da na sayar da ke dominsa. Jiya da safe na hau tudun. Cikin minti goma na ga akwatin, a kogon saiwa, inda muka wuce ya fi sau ashirin. Na buɗe ɗan littafin, sai ga rubutunki! Wannan harafin naki mai karkata kamar karan shinkafar da ta nuna, kwana tara kacal kafin zuwana. Kin rubuta sunanki ke kaɗai, a ƙasa kika ce, "Na same shi. Roba ce kawai."

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ina ƙarami. Ke kaɗai kika hau tudun nan, hasken raina? Wa ya riƙe miki hannu a wurin santsin? Ban rubuta sunana ba. Ba ni da fuskar ajiye shi kusa da naki.

Ba zan ce ki yafe mini ba, abin ya fi ƙarfin roƙo. Ba zan ce ki dawo ba. Saki kuwa ba zai fita daga bakina ba, sai ranar da kika dube ni kika nema da kanki, kuma ko a ranar zan ba ki ne don ke kika so. Abu ɗaya nake bara. Har yau ban san inda kabarin Baba yake ba, mutumin da ya damƙa mini ke yana murmushi. Ranar Juma'a bayan sallah zan tsaya a ƙofar maƙabartar unguwarku. Ki zo ki nuna mini. Ba sai kin yi mini magana ba, ki yi gaba in bi ki a baya. In ba ki zo ba, zan dawo wata Juma'ar, da wadda ke binta.

Naki, wanda ba zai taɓa zama na wata ba har a rufe shi da ƙasa,

Shahrizal