Musbahu Ya Fi Ni Iya Huɗa a Cikin Kwamfuta

Malam Nata'ala, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara kafin ranar Litinin, domin na rubuta wata takarda da ni kaina nake jin tsoronta.

Ni direban tarakta ne, shekara ashirin da uku ina huɗa daga Getso har Kara. Ƙungiyar manoman da nake wa aiki direbobi biyu gare ta, ni da Musbahu, mijin ƙanwata, mutumin Gude. Ni na kawo shi. Da can shagon gem ne da shi a Kabo, inda samari ke taruwa suna tseren mota a talabijin. Da Shari'a ta zo ya ga ana yi wa irin shagunan nan wani kallo, sai ya rufe, ya zauna ba cas ba as. Na kai shi wurin shugaban ƙungiya, na koya masa aiki tun daga ɗaura garma.

To da wannan tsuke bakin aljihu da ake ciki, an sayar da tsofaffin taraktocinmu biyu. Sabuwa ɗaya za a kawo, direba ɗaya za a riƙe. Ana haka sai ga wata Dakta Hajaratu daga jami'a da na'urarta: kujera da sitiyari da birki, an haɗa da kwamfuta, ga talabijin uku a gabanka suna nuna gona. Wai bincike suke ko za a iya koya wa mutum tuƙi da ita ba tare da an ƙona gas ba. Shugaba ya ce madalla, an huta, wanda ya fi maki shi zai karɓi sabuwar mota.

Malam, da murmushi na hau kujerar nan. Ban yi minti biyar ba kaina ya fara juyawa. Ido na ce min tafiya nake, jiki na cewa a zaune nake. Ni a ƙuguna nake jin garma ta kama dutse, wannan kuwa ko girgiza ba ta yi. Na waiga in duba garma yadda na saba, sai na ga bango da kalanda. Kafin in juyo na afka cikin gyaɗar mutane a talabijin ɗin.

Duk ƙarshen zagaye Daktar sai ta tambaye ni yaya jikina, ko ina ganin jiri, ko zuciyata na tashi, tana rubutawa. Sau shida ta tambaya, sau shida na ce lafiya lau, alhamdulillahi. Me zan ce? Mu da ko a gadon asibiti aka tambaye mu da sauƙi muke cewa, balle a gaban baƙuwa, ga surukina a tsaye. Ina fita na zaga bayan ofis na yi amai.

Shi kuwa Musbahu layinsa kamar da igiya aka ja. Yanzu Injiniya ake ce masa. Mutumin da bara ya kafe min mota a fadamar Kara, sai da muka kwana biyu muna haƙa! Har a gidana matata ta ce ashe gem ɗin nan ba banza ba ne. Ranar ban ci tuwonta ba. Ƙyashi nake ji, ba zan ɓoye maka ba. In ya durƙusa yana gaishe ni sai in ga kamar dariya yake min.

Takardar da na rubuta ta dagaci ce da kwamitin ƙungiya. Na ce na'urar nan caca ce, kuma caca ake yi a shagon Musbahu. Gaskiya samari kan sa kuɗi tsakaninsu a waje, amma na san shi korarsu yake. Litinin za a yanke hukunci, ni kuma ban iya wata sana'a ba. In kai ko kar in kai?

Tsohon Direba, Getso

Malam Direba, wa alaikumus salam. Yaga takardar nan yau, kar ka bari sai gobe. Kai da bakinka ka ce korarsu yake, ka ga ƙazafi za ka kai ke nan, kuma ka san abin da kalmar caca za ta jawo wa mutum a wannan lokaci.

Amma ba na raina ɓacin ranka. Shugabanku ya yi garaje. Na'urar da ake kan gwadawa ba a raba abincin mutane da ita. Na tambayi wani malami da ya san irin wannan bincike, ya ce jirin nan sananne ne, kuma yakan kama tsofaffin hannu, don jikinsu na jiran motsin da bai zo ba. Shi Musbahu idonsa ya saba da talabijin. Bai cuce ka ba, kai ma ba ka manta tuƙi ba.

Kuskurenka yana wurin lafiya lau ɗin nan. Ba gaisuwa Daktar take yi ba, aikinta ke nan. Yanzu ta rubuta cewa na'urarta ba ta damun tsohon direba, kuma da wannan shaidar taka za a kai ta wasu garuruwa a kayar da irinka.

Ka same ta kafin Litinin. Ka gaya mata ka ga jiri, ka yi amai, ka gaya mata zancen ƙugu da waige. Irin bayanin da ta baro Kano tana nema ke nan. Ka roƙe ta ta faɗa wa shugaba abin da makin nan yake aunawa da abin da ba ya aunawa, sannan ka nemi a gwada ku a gonar gaske.

Ba zan yi maka alkawarin mota ba, mai yiwuwa can ma Musbahu ya taɓuka. Abin da na tabbata shi ne, in ka kai takardar nan, ko kai aka ba makulli, ba za ka ƙara iya haɗa ido da ƙanwarka ba. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya zaɓa muku mafi alheri ku duka biyun.

Malam Nata'ala