Sirrin da Baffa Ke Gadi

Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya su Yaya da yara? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, saƙon Baffa ya iso ni. Wai in likitoci sun tambaya kada a ambaci ciwon Auta, don kada mijinta ya gane an ɓoye masa tun kafin aure. Ki yi mini afuwa, Inna, amma Baffa takardar magani ma fifita yake yi da ita. Shi ne zai tsara abin da za a faɗa a ɗakin tiyata?

Jibi za a cire mata tsakuwar matsarmama. Ni ban yi makaranta mai nisa ba, amma na karanta a wayata. Mai raunin tsoka irin nata, wadda fatar ido ke faɗo mata da yamma har cokali ya gagare ta, in aka yi mata allurar sake jiki yadda ake yi wa kowa, ana iya gama aiki ƙirjinta ya ƙi ɗaga numfashi. Baffa yana tsoron bakin mutane, ni makara nake tsoro.

Mijin nata kuwa, direban nan, yana kan benci yana kaɗa makullin mota kamar layin wankin mota ya zo. Gobe zan faɗa wa likitocin, ko a gabansa ne. In auren zai mutu, gara shi da ita.

Ɗanki da kike kira Barkono.

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Ki kwantar da hankali, Auta na numfashi da kanta.

Na tare likitar sa barci a baranda na zazzage mata komai. Sai da na gama kumfar bakina ta ce ai ta sani, tun ranar da aka kwantar da Auta mijin ya kawo mata kwalin ƙwayoyin maganin da Autar ke sha a ɓoye. Ta rage allurar, bayan aiki kuma suka bar Auta kan na'urar numfashi har ƙarfinta ya dawo.

Ashe tun suna amarci mijin ya ga ƙwayoyin a tukunyar da take ɓoye su. Ya yi shiru don kada ta ji kunya. In sun kusa ƙarewa sai ya sayo ya ƙara mata, ita kuma tana zaton ni ne. Shi ya sa take ta sa mini albarka, ni kuwa ina cewa halina ne ya gyaru.

Ki gaya wa Baffa, shekara da shekaru yana gadin ƙofa, ashe ɗakin ba bango. Don wannan gadin banza ya so a shiga da 'yar ƙaninsa tiyata da ƙarya. Ya ajiye dattakunsa ya yi fifita da shi.

Direban ya roƙe ni kada in faɗa mata, in ci gaba da karɓar godiyar. Na buɗe baki zan yi masa tsiwa, sai na tsinci kaina ina miƙa masa hannu. Na karɓi makullin na je na wanke masa mota.

Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki, Barkono.