Jan Ƙyalle a Bayan Jirgi

Freetown, 9 ga Yuni, 1941

Zuwa ga Abioseh, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa,

Ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Takarda uku na yaga kafin wannan.

Ka tuna ranar da muka tsaya a bakin tashar jiragen ruwa, ana loda wa jirginku buhunan ƙwarar manja? Ka sayo mini gasasshen rogo, ka kwance jan ƙyallen wuyanka, ka ce duk ranar da kuka shigo za ka ɗaura shi a ƙarfen bayan jirgi, in hango daga tagar ajinmu. Wayyo daɗin wannan rana! Shekara guda cur ƙyallen bai taɓa wuce idona ba.

Sai yaƙi ya zo, sojojin ruwa suka karɓe jirgin. Suka shafe sunansa, suka mulke shi da fenti ruwan toka, suka kafa igwa inda a da ake jibge buhuna. Yanzu jiragen duk kamarsu ɗaya, ba mai faɗin ranar zuwa ko ta tafiya. Ƙyallen nan kaɗai ya rage mini.

Ran Talatar da ta wuce na gan shi, Abioseh. Kwana uku yana kaɗawa, kwana uku ina zuba ido a ƙofar gidanmu. Ba ka zo ba. Ran Juma'a jirgin ya tafi.

Ƙanwarka ta ce an hana ku sauka. To wa ya kawo wa mahaifiyarka sabon mayafin da ta shiga coci da shi ran Lahadi? Ƙawata Modu sai dariya take mini, wai ni sakara ce, ƙyalle ba ya zaɓen taga, 'yan matan unguwar Kissy ma suna da idanu. Na ƙaryata ta a gaban mutane, na zagaya bayan aji na sha kuka. Wa kake ɗaura wa, ya farin watana? Ko sunana ma fentin nan ya bi ta kansa?

Ni dai ina nan inda ka bar ni, kamar dutsen da ke bayan garinmu.

Ina neman izininka in sake rubuto maka. Kada ka amsa da takarda, tunda hafsanku yana karance wasiƙu yana yanke su da reza. Ga farin hankicina a cikin wannan wasiƙa. In ka yarda, ka ɗaura shi kusa da jan. In na hango ja shi kaɗai, zan roƙi malama ta ɗauke ni daga bakin taga.

Taka har abada,
Remilekun