Layi Goma a Kaset Ɗin Jirgi

Zuwa ga Yaya Ƙarami,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ciwon bayan nan naka? Ka gaishe mini da matarka da yara. Mu nan mun gode Allah, Mama ce dai har yanzu cin abinci sai an yi da gaske.

Shekaranjiya na daure na shiga ɗakin marigayi Yaya Dogo, wata huɗu ke nan ina cewa gobe. A ƙarƙashin gado na ci karo da gem ɗinmu na talabijin cikin kwalin takalmi, da kaset uku: na tseren mota, na faɗa wanda kuka fasa fitilar Baba a kansa, da na jirgi mai harbi. Na hura kaset ɗin jirgi sau biyu yadda ya koya mana, na jona a talabijin. Wallahi ya kama.

Ka tuna allon maki mai layi goma? Yana nan yadda ya bar shi. Layi tara DOGO, na can sama AUTA. Kai ma ka san ban taɓa wuce mataki na biyu ba. Ranar da ka hana ni hannun gem ina ta kuka, shi ya zauna ya ci makin da bai taɓa ci ba, ya rubuta sunana. Kai kuma ka yi sati kana kumbura, mugu.

Mama ta ji kiɗan ta shigo ta zauna a bakin gado. Yau ma da hantsi ta ce in kunna mata. Ba ruwanta da wasan, sunayen take kallo, kuma a gabansu ta cinye abincinta tas.

Sai dai maƙwabcinmu ya ce wani ɗan batir ne a cikin kaset yake riƙe da sunayen, ranar da ya mutu sun tafi. Shekara ashirin da biyar fa. Gobe zan kai a sa sabo.

Taka har kullum,
Auta

Zuwa ga Yaya Ƙarami,

Ina gaishe ka, ina fatan kowa lafiya. Ni kam ba lafiya ba.

Saƙonka na kar in bari a taɓa batirin ya same ni bayan na dawo daga wurin mai gyaran rediyo. Ba laifinsa ba ne, abin da na ce ya yi, har goge mini kaset ɗin ya yi da audugarsa. Ni da shi ba wanda ya san da zarar an cire tsohon, ko na ƙiftawar ido ne, komai ya goge. Na kunna na tarar da layi goma fayau. Da hannuna na kai shi, Yaya, don tsabar iyayi.

Na ce wa Mama talabijin ce ta lalace. Kwana biyar ban buɗe shagon ɗinki ba, na kulle ƙofa na kashe sauti ina bugawa har babban yatsana ya yi bororo. Maki dubu huɗu na samu. Nasa mafi ƙanƙanta dubu sittin ne. Na rubuta DOGO, ya hau layin farko tunda ba kowa.

Jiya na kira Mama. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina naki? Ai ke ya sa a sama."

Na gaya mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta shafa kaina ta koma ɗaki, abincinta yana nan a rufe.

Don Allah ka nemi hutu ka zo. Kai kaɗai ka taɓa kusantar makinsa, za ka iya cika masa layukansa tara ko Mama ta samu abin kallo. Na saman ne ban san yadda za mu yi da shi ba. Ko ka rubuta AUTA, ba shi ya rubuta ba.

Allah ya jiƙansa, ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta