Yaya, Ciwonki Ya Fito wa Hauwa'u

Assalamu alaikum, Yaya Binta.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ki gafarce ni da na dame ki, kuma a gaban jama'a. Lambarki ta daina shiga tun bara, shi ya sa na rubuta a wannan shafin, ko Allah zai sa wani ɗan garinmu Dayi da ke Fatakwal ya gani ya nuna miki.

'Yata Hauwa'u ta haihu, an samu mace, tana nan wajena tana wankan jego. Ana cikin wankan ne, duk inda ruwan zafi ya ɗan ƙona ta sai wajen ya yi kauri, ya yi farin ɓawo yana zuba kamar dusa. Daga baya ya kama gwiwar hannu da gindin gashi. Ina gani na gane shi, Yaya. Naki ne, na Baba ne.

Kin tuna Baba in ya dawo daga gonar auduga, ya zauna yana susar gwiwa, Inna ta ce maganin feshi ne ya ci masa fata? Da naki ya fito, ke da ba ki taɓa feshi ba, sai aka ce a kofinsa kika ɗauka.

Ni kaɗai kike bari in kwance miki kai. A bayan ɗaki, ki ɗora kanki a cinyata, in shafa man kaɗanya, in jira ya jiƙa, sannan in bi da mataji a hankali. Kina cewa, "Asabe, hannunki sanyi gare shi." Shekara da shekaru hannuna na cikin kanki, ko ɗigo bai fito mini ba.

Sai bikin nan na garin Ƙarfi, da aka zuba miki tuwo a kwano daban. Kika rufe shi ba ki taɓa ba, kika ce, "Ba zan ƙara zama inda ake ware mini kwano ba." Tun da kuka koma kudu ba ki waiwayo ba. Ban ga laifinki ba, kewarki dai nake yi.

Na kai Hauwa'u asibiti a Funtua. Zan faɗa miki yadda na ji daga likitar, ba ƙari. Ta ce sunansa soriyasis. Ba kuturta ba ce, ba a ɗaukarsa ta kwano, ta hannu ko ta nono. Garkuwar jiki ce, wadda Allah Ya ajiye don yaƙar cuta, take ruɗewa ta far wa fatar mai ita, sai sabuwar fata ta riƙa fitowa da gaggawa tsohuwa ba ta zube ba, su taru. Ana gadonsa, amma ba kowane ɗa ba, kuma yakan kwanta shiru har haihuwa ko damuwa ko ƙuna ta tashe shi. Iri-iri ne: mai faɗi irin na Baba, mai ɗigo-ɗigo bayan ciwon maƙogwaro, na hammata, mai ƙuraje da ruwa, da mai kama farce da gaɓoɓi. Da ta ambaci gaɓoɓi sai na tuna yadda kike murza yatsu da safe. Yaya suke yanzu?

Likitar ta ba da maganin shafawa, ta ce a rage zafin ruwa, kuma ya fara lafawa. Amma dangin miji sun gani ranar suna. Surukarta mutuniyar kirki ce, tsoro ne kawai, ta ce da an yi arba'in ita za ta riƙe jaririyar har Hauwa'u ta warke. Ga shi likita ta ce ciwon lafawa yake, ba rabuwa da shi ake yi ba. Ita kuma Hauwa'u sai ta naɗe hannu da zane sannan take ɗaukar 'yarta. Na yi magana, ta ce, "Umma, ke ai ba ki da shi."

Ke kina da shi, Yaya. Kin goya naki, kin shayar da su, ga su can sun girma. In ta ji daga bakinki za ta yarda, surukar ma haka.

Allah Ya jiƙan Baba da Inna, Ya ba ki lafiya, Ya sa mu gana. Don Allah ki amsa mini da wuri, kafin arba'in ɗin, ko da murya ce ki turo. In kuwa za ki zo, man kaɗanya na nan, kuma a kwano ɗaya za mu ci.

Ƙanwarki,
Asabe