Tsumagiyar da na bari a bayan ƙofa

Zuwa ga Yaya Ya'u, Shinkafi.

Bayan gaisuwa, ya Inna da ƙafarta? Ni lafiya lau nake a Kaduna. Aikin koya wa manya masu fama da barin shaye-shaye karatu da rubutu yana tafiya, sai abu ɗaya.

Na shiga aji da tsumagiya, yadda na saba da 'yan firamare. Akwai Jelani, direba ɗan Kaura Namoda, mai furfura. Ya kasa rubutu, sai na daka masa tsawa ina buga tebur. Ya ce, "Malam, da Shari'a ta zo an yi mini bulala a bainar jama'a, ban daina sha ba. Don ɗiyata na daina. Sunanta nake so ka koya mini."

Yaya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu sai na tambayi kowa abin da ya kawo shi kafin in taɓa alli. Jiya Jelani ya rubuta "Yusra", a karkace, amma tana karantuwa.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Tsohuwar tsumagiyar da na bari a gida, bayan ƙofa, a ba ta ta hura wuta.

Ƙaninka, Sha'aibu.